Marubuci da Gudun Babban Aikinsa



 

An nemi in yi magana a kan wata ɗabi'a wadda kusan duk mai riƙe alƙalami ya san ta, ko da yake ba kasafai ake faɗinta a bainar jama'a ba. Mutum yana da babban littafi a ransa, ya daɗe yana ɗauke da shi. Ya sami sarari, ya zauna, ya jawo takarda. Sai ya tuna akwai wasiƙar da bai amsa ba, ya amsa ta. Sai wata gajeriyar waƙa ta faɗo masa, ya rubuta. Sai ya ce bari ya tabbatar da wata shekara a littafin tarihi, karatu ya ɗauke shi har la'asar. Rana ta faɗi, ya gaji tiɓis, ya kuma yi aiki na gaske, amma babban littafin yana nan inda ya baro shi jiya. Ba za mu kira wannan bawan Allah malalaci ba, don malalaci ba ya kwana da gajiyar aiki. Shi dai yana gudun aiki guda ne, kuma gudun nasa wasu ayyukan yake haifarwa. Abin da nake so mu duba yau shi ne yaushe wannan gudu yake riba, yaushe yake cinye mai yin sa.

Malamanmu sun tsananta a kan taswifi, wato sai gobe sai jibi, kuma suna da gaskiya: tuba da biyan bashi da sada zumunci ba su da gobe. Ba wannan nake taɓawa ba. Maganata ta tsaya ga aikin rubutu, inda Bahaushe ya ba mu hukunci biyu masu karo da juna, ya ce wani jinkirin alheri ne, ya kuma ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Duka biyun sun tabbata a tarihin marubuta, kuma shaidar farko daga garin nan na Agadas ta fito.

A farkon watan Satumba na 1850 wasu Turawa uku suka sauka Tintellust, can arewa cikin duwatsun Abzin. Shugabansu James Richardson ne, Baturen Ingila, tare da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ta aiko su, kuma ƙasar Hausa da Barno suka nufa. To amma ba su da hanyar gangarawa kudu sai da rakiyar Annur, babba daga cikin shugabannin Kel Ewey, shi kuwa Annur ba ya motsawa sai ayarin gishiri ya je Balma ya komo. Zama ya kama su wata uku da ɗoriya. Aikin da ya baro da su gida ya tsaya cik.

Barth bai iya zaman ba. Ya nemi izini, ya hau takarkari, ya biyo wasu mutanen Annur zuwa Agadas, ya iso ranar 10 ga Oktoba, ya yi kimanin kwana ashirin. A cikin waɗannan kwanaki ya ga naɗin Sarkin Abzin Abdulƙadir, ya ga sallar layya, ya zaga kasuwanni, ya saurari shari'a a wajen alƙali, ya zana hasumiyar masallacin nan wadda aka sake ginawa a 1844, shekara shida kacal kafin zuwansa. Ya ƙiyasta mutanen garin kamar dubu 7. Rahoton da ya aika Landan an buga shi a 1851 a mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasa, kuma shi ya fara sa aka san sunansa a Turai, tun bai taka Tumbutu ba. Gidan da ya sauka yana nan a tsohon gari, da yawanku sun shige shi.

Amma abin da ya fi girma a idona ƙarami ne a cikin rahoton. Barth ya lura mutanen Agadas na wancan zamani suna da wani harshe nasu, Emgedesi, dangin Songai, sai ya zauna ya rubuta kalmominsa da ƴan jimloli. Yau ba mai yin wannan harshe a garin nan. Hausa ta maye gurbinsa, sai ɗan'uwansa Tasawak da ya rage a Ingal. Mafi yawan abin da masana suka sani game da harshen kakannin wasu daga cikinmu, daga wannan jeri na baƙo suka samo shi, jerin da aka rubuta a kwanakin da ba a ƙirga su cikin aiki ba. Ina so ku riƙe wannan, za mu buƙace shi.

Shaida ta biyu daga gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, wanda shi ma ya taka garin nan yana saurayi a bayan malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, wajen shekarar 1807, ransa ya ɓaci da yadda ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano mutane suka tsare shi da roƙo, suka ce ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci. Ya dakatar da tafiyarsa, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, daga bisani ya koma gida. Shi da kansa ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙat. Tafiyar gabas ba ta yiwu ba, amma littafin da ya fito daga dakatar da ita ana karanta shi sama da shekara 200.

Wani zai ce, ai waɗannan biyun tsare su aka yi, ba su ne suka ja ƙafa ba. Haka ne, kuma bambancin yana da nauyi. Don haka bari in kawo wanda shi ya ja ƙafa da kansa, wanda duk ɗan makarantar boko a Nijar ya san sunansa. A watan Nuwamba na 1828 Victor Hugo ya sa hannu da mai buga littattafai Charles Gosselin cewa zai kawo masa wani ƙagaggen labari a bazarar 1829. Lokaci ya zo ya wuce, bai kawo ba. Me yake yi? A tsakanin nan ya rubuta wasan kwaikwayo Marion de Lorme, ya rubuta Hernani, wanda aka fara nunawa ranar 25 ga Fabrairu 1830 har ya tayar da ƙura a Faris, ya canza yadda ake wasan kwaikwayo a Faransa. Mutumin da ke gudun littafi guda ya cika gari da wasu ayyukan. Gosselin ya gaji, aka sake yarjejeniya a 1830 da sharaɗin tarar faran dubu a kowane mako na jinkiri. Matar Hugo ta ba da labarin abin da ya biyo baya: ya sayi kwalbar tawada da wata doguwar rigar ulu, ya kulle tufafinsa na fita don kada ya sami dalilin barin gida, ya shiga aiki a Satumba, ya gama a tsakiyar Janairu 1831. A watan Maris aka buga Notre-Dame de Paris.

Ku lura da abu biyu da suka haɗu a nan. Shekarun gudun ba su tafi a banza ba, domin hannunsa bai bar alƙalami ba, har ya ƙara gwanancewa wajen tsara magana a bakin mutane da gina tashin hankali a labari. Amma da ba don Gosselin da tararsa ba, ban ga abin da zai hana Hugo ci gaba da haifar wasu kyawawan ayyuka har tsufa, wancan littafin kuwa ya mutu a cikinsa.

A zamaninmu wani malamin falsafa na jami'ar Stanford a Amurka, John Perry, ya mai da wannan ɗabi'a dabara. Ya buga maƙalarsa a 1996, aka ba shi kyautar Ig Nobel a kanta a 2011. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne, mai jan ƙafa ba zaman banza yake yi ba, yana yin aiki mai wuya muddin aikin hanya ce ta kauce wa wanda ya fi shi. Don haka ka ɗora wani aiki mai ban tsoro a saman jerin ayyukanka, sai ka ga kana share na ƙasa ɗaya bayan ɗaya don gudun na sama. Ya fahimci zuciyar ɗan Adam, na yarda. Sai dai dabarar tana da sharaɗin da bai dace da mu ba: na saman dole ya zama abin da ko ba a yi shi ba, ba a yi asara ba. Ga malamin jami'a mai albashi wannan yana iya zama cike wata takardar ofis. Ga marubuci kuwa na saman shi ne littafin da aka halicce shi ya rubuta. Idan shi ne ya zama dodon da ake gudu har abada, to dabarar ta ci mai ita.

Me ya sa ma babban aikin ne ake gudu? A ganina tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Wasiƙa in ta ɓaci ba wanda zai tuna. Gajeren labari in bai yi daɗi ba, gobe ka yi wani. Amma littafin da ka yi shekaru kana gaya wa abokai a fada, wanda mahaifiyarka ta san kana yi, wanda kake ganin da shi za a auna ka, muddin yana cikin kai cikakke ne, ba shi da aibi. Ranar da ya sauka a takarda ranar zai zama na ɗan Adam, da gurguwar jimla da babin da ya ƙi tsayuwa. Wannan saukar ce ke da zafi. Shi ya sa gwanaye suka fi fama da ita, don sun fi kowa ganin tazarar da ke tsakanin abin da ke ransu da abin da hannunsu ya kawo. Ƙannena, in kun ji wannan nauyi kada ku ɗauka alama ce ta cewa ba ku iya ba.

Akwai kuma wani amfani na barin aiki ya kwana, wanda masu nazarin tunani suka daɗe da lura da shi. Graham Wallas, a littafinsa na 1926, ya ce warware matsala mai wuya yakan bi ta shiri, sa'annan a bar ta ta kwanta, sa'annan haske ya zo, sa'annan a tantance. Duk wanda ya taɓa rasa ƙarshen labari da dare, ya same shi da asuba a hanyar masallaci, ya san gaskiyar wannan. Amma a dubi jerin da kyau: shiri ne a gaba. Zuciya ba ta juya abin da ba a zuba mata ba. Wanda ya rubuta babi uku ya maƙale a na huɗu, ya tafi ya yi mako biyu yana fassara wata waƙa, littafinsa yana aiki a cikinsa ko bai sani ba. Wanda bai rubuta ko layi ɗaya ba, yana cewa yana jiran abin ya nuna, babu abin da ke nuna. Jinkirin bayan farawa daban, na kafin farawa daban, kuma mafi yawan masu kare jan ƙafarsu da sunan nazari na biyun suke yi.

Mu nan Abzin muna da abin da zai fayyace mana wannan, shi ne ayarin da ya tsare Barth. Kafin a tashi zuwa Fashi da Balma ana ɗaukar watanni ana kiwon raƙuma su yi ƙiba bayan damina, ana yankar ciyawa ana ɗaure ta dami-dami, tun da hamadar Tenere ba ta da abin da dabba za ta ci, ana tufka igiya, ana ɗinke salka, ana tanadin gero. Baƙo zai ce mutanen nan ba su fara tafiya ba, alhali duk damin da aka ɗaure kwana ɗaya ne na tafiyar. Sai dai madugu yana da rana. In Oktoba ta kama, ko igiyar wani ba ta gama kyau ba, za a tashi. Wanda ya tsaya gyaran igiya har sanyi ya wuce, komai kyan igiyarsa, bana bai ga kantun gishiri ba. Ma'aunin da nake ba marubuci ke nan: aikin da ka gudu zuwa gare shi, shin dami ne na wannan tafiyar, ko aƙalla abu ne da zai tsaya da ƙafarsa a takarda? Kuma wa ya san ranar tashinka ban da kai?

A wannan tambaya ta ƙarshe ne muke da rauni a ƙasar nan. Hugo yana da Gosselin. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja ne don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, gasa kuwa tana da ranar rufewa. Da aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, cikin wata shida ya gama Magana Jari Ce, littafi uku. Matan da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 sun san daɗin wa'adi, haka ma masu sakin labari babi-babi a waya, waɗanda masu karatu ke tasa su gaba kullum. Marubucin Agadas fa? Masu buga littafi ƴan kaɗan ne, kuma suna nesa, a Yamai ko Kano. Ba mai jiran rubutunsa, ba mai cin sa tara. Yana iya shekara goma yana shiri, kowa yana gaishe shi da aiki. Don haka wa'adin nan sai mun ƙirƙira wa junanmu. Mutum uku ko huɗu su yi alkawari, ranar kaza ga wata kowa ya zo da shafi goma ya karanta da bakinsa a gaban sauran. Kunyar zuwa hannu wofi gaban abokai ta fi tarar faran dubu aiki a kan Bahaushe da Ba'abzine.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wa'adi shi ne akwai wani wa'adin da ba a sanar da mu ba. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu kowane azumi, Jalaluddin al-Mahalli ne ya fara shi, daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya dawo ya yi Fatiha, ajali ya riske shi a 1459. Almajirinsa Jalaluddin as-Suyuɗi, wanda daga baya ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, shi ya cike ragowar rabin cikin kwana arba'in, yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai. Ban ce Mahalli ya ja ƙafa ba, Allah Ya ji ƙansa. Ina cewa ne ba kowa ke da Suyuɗi a bayansa ba. Ralph Ellison, baƙar fatar Amurka, ya girgiza duniya da Invisible Man a 1952, ya yi shekara arba'in yana fama da littafinsa na biyu, yana fitar da maƙalu masu daraja a gefe, ya rasu a 1994 ya bar dubban shafuka ba a ɗinke ba. Abin da aka tsamo aka buga a 1999 zaɓin wani ne, ba nasa ba. Namu Abdoulaye Mamani, mai littafin Sarraounia, hatsarin mota ya ɗauke shi a 1993 da sauran rubutu a hannunsa. Barth kansa ya rasu a 1865 bai kammala babban aikinsa na harsunan Afirka ta tsakiya ba.

To tun da gudun nan ba zai bar mu ba, kuma ban yi imani akwai laccar da za ta raba marubuci da shi ba, roƙona shi ne mu zaɓa masa alƙibla. Waya ba alƙibla ba ce. Awa uku a WhatsApp da Facebook suna ba mutum jin kamar ya yi hulɗa da kalmomi, amma da safe in ya duba ba abin da ya rage a hannunsa. In za ka gudu daga littafinka, gudu cikin gari.

Garin nan cike yake da abin da ba a rubuta ba, kuma ya taɓa yin rashin da ya isa ya koya mana. Bayan yaƙin Kawsen, da sojan Faransa suka sake karɓe Agadas a Maris 1917, an kashe malamai da dama, ilimi mai yawa ya bi su kabari. Abin da ya tsira yana cikin akwatuna a ɗakunan zuriyarsu, yana kuma cikin kawunan tsofaffi. Djibo Hamani ya nuna mana a littafinsa na 1989 kan sarautar Abzin irin ginin da ake iya yi da tsofaffin takardu da bakin dattawa. UNESCO ta sa tsohon gari cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma bango take karewa; abin da magina ke kiran kowane sashe na bangon, da yadda ake kwaɓa ƙasar yaɓen hasumiya, wannan yana bakin mutum ne. Haka sunayen kayan aikin maƙera da na dukawa masu ƙawata sirdin raƙumi, da asalin sunayen unguwanni irin su Katanga da Amdit da Obitara, da aikin Sarkin Turawa a da, da abin da tsofaffin mata ke tunawa na bikin Biyanu a ƙuruciyarsu, da Hausar Agadas kanta, wadda ke ɗauke da kalmomin Tamajak da ragowar wancan harshe da ya ɓace, wadda yaranmu ke musanyawa da ta fina-finan Kano ba tare da sun lura ba. Emgedesi ya sami baƙon da zama ya isa. Waɗannan kuwa mu suke jira, kuma ranar da babi na huɗu ya ƙi ka, ita ce ranar da ta dace ka ɗauki littafin rubutu ka je gaida wata tsohuwa. Sau da yawa ma za ka tarar maganar da babin ke nema tana bakinta.

In kun je, ku nemi izini tukuna, ku faɗa wa dattijo abin da za a yi da maganarsa. Ku rubuta ranar da unguwar da harshen da aka yi hirar, ku rubuta kalma yadda ya faɗe ta, kada ku gyara masa ita zuwa Hausar littafi. Tsohuwar takarda kada a raba ta da gidanta. A ɗauki hotonta shafi-shafi a bar wa masu ita kayansu. Kowane abu a yi shi kwafi biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a wurin da zai fi ka daɗewa, ko jami'ar garin nan ko sashen tsofaffin rubuce-rubuce na cibiyar IRSH a Yamai. Kafin mu watse kuma, ina roƙon duk mai littafi a ciki ya sami mutum guda a ɗakin nan ya gaya masa ranar da zai miƙa masa babi na gaba, shi kuma wancan ya rubuta ranar.

Nan zan dakata, in ba malamai da ɗalibai dama su yi tambaya ko gyara.